Tiyon Birkin da Ka Kwantar a Kan Turbo

Magarya, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka Agadas lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a garajin da za ka kama aiki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Gaisuwar ke nan. Yanzu ka nemi wuri ka zauna ka karanta, don har yau ban huce ba. Ka san hannuna bai saba da biro ba, kilen kwance noti ya saba riƙewa, to ka yi haƙuri da rubutun. Na ƙi kiranka a waya ne don na san halina: ina jin muryarka zan soma ihu, kai kuma ka kashe.

Ranar Asabar, ina can Kwaya wajen jana'iza, Alhaji Mamman ya kawo fikof ɗinsa da ke kwasar 'yan kasuwa zuwa Dungass. Kai ka karɓi aikin. Da na dawo da la'asar na tarar ka rufe kafo, murfin inji, kana wanke hannu, direban har ya tada mota. Na ce ya buɗe in gani, kamar yadda nake yi wa kowace mota kafin ta bar ƙofata. Ga abin da na gani. Tiyon da ke zuwa tukunyar birki ka kwantar da shi a kan turbo, ka ɗaure shi da tsinken robar taya. Ƙaramin tiyon da ke buɗe ƙofar turbo kuma ka cire shi, ka toshe bakinsa da kusa.

Na tambaye ka wa ya yi wannan. Ka ce, "Baba, ai ta tashi, kuma ta fi da gudu. Me kuma ake nema?"

Na fizge tiyon na jefa maka a ƙirji a gaban mutane, na faɗi maganganun da kai ma ka ji. Washegari ka tsaya a bakin zaure ka ce sai wata rana, ka ɗauki jakarka. Ko kunun da innarka ta dama ba ka sha ba.

Motar nan, Laminu, mutum nawa take ɗauka ranar kasuwa? Ka taɓa ƙirgawa? Mata da goyo a kan buhuna, tsofaffi a gefe, awaki a tsakiya. Su ka ɗora a kan tsinken roba. Ka yi shekara biyu a santir ɗin koyon sana'a a Damagaram, ka dawo da takarda, kana ɗora na'ura a mota ta gaya maka ciwonta, abin da ni ban iya ba. Amma na'urarka ba ta ganin inda tiyo ya kwanta.

Kada ka ɗauka fushin nan na wanda bai taɓa kuskure ba ne. Duk abin da ka yi, na riga ka yi, kuma nawa ya fi naka muni. Ban taɓa gaya maka ba. Yau zan gaya maka.

Mota mai turbo ta farko da na taɓa buɗewa katkat ce, irin motar shiga rairayi, ta Alhaji Garba, wani mai fataucin dabbobi a Dantchiao. Lokacin ina ji da kaina, ana cewa duk Magarya ba wanda ya fi ni sanin injin gazuwal, wato dizal. Zan sauke kan injin, sai na ga ƙananan tiyoyi baƙaƙe sun yi yawa, duk kamarsu ɗaya. Na bi su na tsittsige kamar mai cire ciyawa, na zuba a tasa. Wani tsohon direba da ke zaune ya ce, "Isufu, ba za ka yi musu alama ba?" Na ce, "Alamar tana kaina."

Ba ta kaina. Da na zo mayarwa sai na tsaya ina kallon bakuna bakwai da tiyoyi bakwai. A lokacin ban ma san iska iri biyu ce ke tafiya a cikinsu ba. Akwai ta zuƙa, wadda ƙaramin famfo ke ja, ita ke taimakon birki da sauran ƙananan abubuwa. Akwai ta hurawa, wadda turbo ke turowa da ƙarfi. Ni kuwa duk iska ce a wurina. Na haɗa da ka. Tiyon da ke gaya wa famfon gazuwal cewa turbo ya fara hurawa na kai shi wani wuri dabam, na zuƙa kuma na kai shi kai tsaye bakin da ke mayar da hayaƙi cikin inji.

Mota ta tashi, amma ko tudun kwata ba ta iya hawa, sai baƙin hayaƙi. Kwana uku ina fama. Alhaji Garba ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Wai mene ne?" Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na ce, "Turbo ne ya mutu, Alhaji."

Bawan Allah ya sayar da bijiminsa, ya tsallaka Kano da kansa ya sayo wani. Ina cikin ɗaurawa idona ya faɗa kan wani ɗan zane da aka manna a cikin kafo, ƙura ta rufe shi. Na goge da yatsa. Ga hanyar kowane tiyo nan a zane, tun ranar farko yana saman kaina. Na gyara shiru, na ɗaura sabon turbo, mota ta tashi kamar doki. Tsohon turbon lafiyarsa ƙalau. Alhaji ya yi ta sa mini albarka, ya aiko mini da zabi biyu. Innarka ta dafa, na ci, kuma har ya rasu ban gaya masa ba.

To ka ji. Kafin ka cire tiyo ko ɗaya, ka duba cikin kafo ko akwai zane. In babu, ka zana naka a kwali. Kana da waya mai hoto, abin da mu ba mu samu ba, ka ɗauka ta gaba, ta gefe, ta sama. Ka ɗaura zare mai launi a kan tiyo, ka ɗaura irinsa a bakin da ya fito. In za ka canja su, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsige duka. Na sha ganinka kana tsigewa da hannu biyu kana hira, na yi maka tsawa, ka ɗauka tsufa ne ke damuna. Kuma in ka rikice, ka buɗe baki ka ce ka rikice. Mai mota zai ji haushi na yini ɗaya. Ni na ɓoye, ga shi ina ɗauke da abin har furfura.

Sai maganar kusar da ka toshe tiyo da ita. Na san ba kai ka ƙirƙiro ba. Direban Alhaji Mamman ne ya ce maka motar ba ta da ƙarfi a rairayi, ko ba haka ba? Ni ma haka wani Sani Dogo ya taɓa ce mini a shekarun baya. Direba ne a hanyar Yekuwa, motar ba tasa ba ce, ta ubangidansa ce. Ya ce, "Malam Isufu, kullum sai fasinja sun sauka sun tura. An ce akwai dabarar da ake yi."

Akwai. Turbo yana da 'yar ƙofa a ciki. In hurawa ta kai iyakar da inji zai iya ɗauka, iskar na bin wannan ƙaramin tiyo ta tura wani ɗan gwangwani, gwangwanin ya buɗe ƙofar, ƙarfin ya ragu. Ka toshe tiyon, ƙofa ba za ta sake buɗewa ba, turbo zai yi ta cusa iska har abin da zai fashe ya fashe. Na san haka sarai a lokacin. Amma na so a ce Isufu ya iya abin da wasu ba su iya ba. Na toshe.

Sati biyu Sani yana yabona a tasha. A sati na uku, da tsakar rana, da lodin wake, injin ya yi ƙara ɗaya ya tsaya tsakanin Yekuwa da gari. Juwan kilas, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, fistan ya tsage, ruwa da mai suka haɗu. Ubangidansa ya sa wani makanike ya duba, aka ga kusar. Ranar aka karɓe makulli daga hannunsa, kuma labarin ya bi tasha, ba wanda ya sake ba shi mota.

Ya zo garaji ya same ni. Na riga shi magana, na ce, "Kai ka roƙa."

Ya ce, "Na roƙa. Amma ni direba ne, tuƙi na sani. Kai ne mai sanin abin da zai biyo baya. Me ya hana ka ce mini a'a?"

Mutumin da ya yi shekara goma a kan sitiyari ya ƙare yana kora amalanken jaki yana sayar da ruwa.

A Agadas za ka haɗu da direbobin sahara, waɗanda suka fi Sani Dogo son gudu da baki mai daɗi. Za su ce maka kowa na yi. Za su ce garajin gaba zai yi musu in ka ƙi. Su tafi can. In mota ba ta da ƙarfi, ka nemi dalilin: tiyon hurawa ya tsage, ko kolye, zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo, ya saki iska na tsiyaya, ko matatar iska ta cika da ƙura, ko gwangwanin ya huje. Tiyon hurawa kullum da kolye ake ɗaure shi, don ƙarfin iska na tuɓe shi. Na zuƙa kuma mai kauri ake sa wa, don mai laushi yana lanƙwamewa ya toshe kansa. Na ga masu sa tiyon ƙarin ruwa na likita, na ga masu sa na gas ɗin girki. Kada in ji ka yi. Injin da ya mutu a hanyar Yekuwa, mutane sun taka zuwa ƙauye sun sha ruwa. Wanda ya mutu a tsakiyar sahara, kai ma ka san abin da ake tararwa.

Yanzu ga wadda ta sa na jefe ka. Na daɗe da biro a hannu kafin in soma ta.

Ka san Baba Habu, mai teburin man inji a ƙofar garajinmu. A cinyarsa ka koyi ƙirga, da sandarsa kake wasa kana ƙarami. An gaya maka hatsari ya yi ya rasa ƙafa, birki ya ƙi. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya maka ba, ni na yi birkin.

Habu abokina ne tun muna kiwon awaki. Ya samu tuƙin wata fikof mai turbo, yana jigila tsakanin Magarya da ƙauyukan Dungass. Wata safiya ya kawo ta ya ce fedal ya soma tauri. Na duba, tiyon zuƙa da ke tafiya daga famfo zuwa tukunyar birki ya bushe ya tsattsage. Wanda nake da shi a akwati gajere ne, bai kai ya bi tsohuwar hanyarsa ta jikin bangon ɗakin inji ba, inda aka yi masa maƙalai nesa da zafi. In na aika kasuwa a nemo dogo, sai azahar. Fasinja suna cikin mota suna mita, Habu yana duba rana. Sai na miƙe tiyon kai tsaye, ya ratsa ta saman turbo, na ɗaure shi da tsinken robar taya. Daidai yadda ka yi, Laminu. Har ƙullin iri ɗaya ne.

Habu ya leƙo ya ce, "Ba zai ƙone ba nan?"

Na ce, "Ka je ka dawo, gobe in canja maka."

Turbo in ya yi aiki a rairayi da lodi, ja yake yi kamar ƙarfen maƙera. Roba ba ta jure wannan. A hanyar dawowa, wajen Kwaya, akwai gangaren da ke sauka kusa da rijiya. Wani amalanke ya fito daga bayan shinge, mace ce ke kora shi da 'ya'yanta biyu a kan jarkoki. Habu ya taka birki ya ji fedal kamar dutse. Tiyon ya narke ya huje, zuƙa ta tafi. Ya miƙe tsaye a kan fedal da duk ƙarfinsa, mota da lodi ba ta ji ba. Sai ya murɗa sitiyari ya kai ta jikin gawo, ta gefen da yake zaune. Matar da yaranta ko ƙwarzane. Fasinja biyu sun karye. Shi kuwa ƙarfe ya matse masa ƙafar dama, a babbar likita, asibitin Damagaram, aka yanke ta.

Ka san abin da ubanka ya yi da ya ji labari? Ban tafi likita ba. Na hau babur na tafi wajen motar, da niyyar in cire tiyon in ɓoye kafin jandarma su duba. Na buɗe kafo na tarar babu shi. Na ce ya faɗi a hanya, har na yi hamdala. Da jandarma suka tambayi Habu, ya ce birki ya ƙi, ƙaddara ce. Aka rufe magana.

Da ya warke na kafa masa tebur a ƙofar garaji. Shekara ashirin da uku mutane na cewa ba a taɓa ganin aboki mai amana irin Isufu ba. Ina ji ina sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Tiyon birki ba a yi masa gajeriyar hanya. Ya bi inda masu ƙera mota suka bi da shi, a cikin maƙalansa, nesa da turbo da bututun hayaƙi, nesa da bel da fanka, kada ya goga da kaifin ƙarfe, kada ya lanƙwashe. Ɗan kilafen da ke tsakiyarsa, mai barin iska ta bi gefe ɗaya kawai, ka hura shi da baki ka tabbatar da fuskarsa kafin ka ɗaura. In ka gama, ka kashe inji ka taka birki sau uku ka ji. In tiyon da ke hannunka gajere ne, motar ta kwana. Fasinja su zage ka, mai mota ya zage ka, patoronka mai garajin ya kore ka in ya so. Ka dawo gida, akwai tuwo.

Ranar Litinin na zauna zan rubuta maka wannan, sai na ga ba zan iya gaya wa ɗana abin da mai ƙafar bai ji daga bakina ba. Na tashi da hantsi na tafi gidan Habu. Na same shi a zaure yana ɗaura ƙafar roba. Na zauna a ƙasa na faɗa masa duka, tun daga gajeren tiyo har zuwana wajen mota.

Bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure maɗaurin. Sannan ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Ƙanena ya riga ka zuwa wajen motar. Shi ya cire tiyon ya kawo mini likita, a ƙone. Ya so ya kai wa jandarma. Na ce ya jefa shi masai. Matarka tana da cikin wata takwas, in aka rufe ka wa zai riƙe ta?"

Cikinka ne, Laminu.

Habu ya jawo sandarsa. Ya ce, "Kullum ina zaune a ƙofarka ina cewa yau zai faɗa. Me ya kawo ka yau?"

Na gaya masa abin da ka yi ranar Asabar. Shi yana gida ranar, bai gani ba. Ban taɓa ganin Habu ya yi fushi ba sai lokacin. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wato yaron nan ya tashi a gabana, yana ganin ƙafar nan kullum, ba ka taɓa gaya masa abin da ya cinye ta ba? Tsawa kake yi masa, dalilin kuma ka ɓoye a cikinka don kada girmanka ya zube? Ƙafar na bar wa Allah tun tuni, Isufu. Amma ka bar ta ta tafi a banza, ko darasi ba ta zama wa ɗanka ba. Da motar nan ta fita fa?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi ka tafi. Yau ba na son ganinka."

Yau kwana uku teburinsa a rufe.

Gaskiya ya faɗa. Shekara goma kana gefena ina koya maka da ihu, ina cewa kada ka yi kaza, ban taɓa cewa don me ba. Wannan laifina ne, kuma shi ya fi sauran. Amma kada ka ɗauka ya wanke naka. Kai ba yaro ba ne, ka san turbo yana zafi, ka san roba tana narkewa, ka san mutane za su hau. Ganda ce ta sa ka, da ɗokin tafiya. Ina fushi da kai, kuma zan ci gaba da fushi har sai na ji daga bakin direbobin da ke saukowa daga Agadas cewa akwai wani ɗan Magarya can mai taurin kai, wanda ba ya barin mota ta fita sai ya bi kowane tiyo da yatsa.

Jifan da na yi maka a gaban mutane, bai kamata ba. Maganar da na faɗa cewa ban haifi mai irin wannan aiki ba, ƙarya ce. Na haife shi, kuma a wurina ya gado.

Direban da zai ba ka wasiƙar nan zai ba ka ƙulli. Akwai dogon tiyon zuƙa mai kauri, da kolye manya da ƙanana, da zare kala huɗu. Innarka ta sa ƙuli-ƙuli da yaji. Ka kira ta, ba ta yi maka komai ba. Ni ba sai ka kira ni yanzu ba. Baba Habu za ka kira, ka gaya masa ka karanta, ka gaya masa abin da ka fahimta. Wataƙila daga bakinka ya ji abin da zai sa ya buɗe teburinsa. Daga nawa ya makara.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gaggawa. Allah ya tsare mutane daga kuskuren hannunka, ya sa duk motar da ka taɓa ta kai masu ita gida lafiya. Allah ya ba ka abokin da ya kai Habu, ya hana ka yi masa abin da na yi. Ka riƙe salla, ka sha ruwa da yawa, an ce zafin can ya fi namu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isufu Makanike